Adashin Umma da Lissafin da Ya Ce Kuɗi Ya Cika

Wata Asabar da safe, kafin sauran ɗalibai su iso, ɗaya daga cikin ɗalibaina mata ta hawo benen da muke karatu a titin Zoo Road, ta ajiye wayarta a kan teburina ko zama ba ta yi ba. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Malam, abin nan ya ba ni kunya jiya a gaban Umma."

Ina koyar da Python, harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, ga masu farawa ranakun Asabar da Lahadi. Yawancin ɗalibaina ba su da kwamfuta a gida, a waya suke rubuta kod da manhajar Pydroid 3, galibi kan wayoyi na hannu irin waɗanda ake samu a Farm Centre. Wannan ɗaliba tana cikin masu ƙoƙarin ajin. Wata biyu kacal da fara karatu ta ce ita ba za ta tsaya kan atisayen allo ba, za ta rubuta abin da zai yi wa gidansu amfani. Na ƙarfafa mata gwiwa. Abin da ya biyo baya shi nake so in bi dalla-dalla a nan, da izininta, domin kuskuren da ta yi na sha ganinsa a hannun ɗalibai, amma ban taɓa ganinsa ya fito fili da kuɗin mutane a tsakiya kamar wannan karon ba.

Aikin da ta ɗauko

Mahaifiyarta uwar adashi ce a Gwammaja, shekara da shekaru. Mata ashirin ne a adashin, amma hannu ashirin da huɗu, saboda huɗu daga cikinsu sun shiga hannu bibbiyu. Kowane hannu naira 5,000 ne duk Juma'a, mai kwasa kuma ta ɗauki 120,000. A da lissafin ba shi da wuya, kowa ta aiko yaro da kuɗi a ƙulle a leda. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 abin ya canza. Wata ta turo 3,000 ta waya da hantsi, ta aiko da cikon 2,000 bayan la'asar. Wata ta turo ta asusun mijinta, sai an yi ta tambaya kafin a gane tata ce. Hajiya takan zauna bayan isha da littafinta da biro biyu, baƙi da ja, tana haɗa na waya da na hannu.

Tambaya uku take so a amsa mata kowane daren Juma'a. Nawa aka tara? Su wa ba su cika zubinsu ba? Za a iya kiran mai kwasa yau, ko a dakata?

Ɗalibar ta zuba matan a jeri guda, kowacce da sunan da Hajiya ke rubuta ta da shi a littafi, da yawan hannunta, da abin da ta biya a makon. Akwai Mai Waina, akwai Mai Kitso mai hannu biyu, akwai Amarya, can ƙarshen jerin kuma Goggo, wadda ita ce ke fara biya kullum, wani lokaci tun daren Alhamis. Mai karatu ya riƙe matsayin Goggo a jerin nan, zai yi amfani nan gaba.

Kayan aikin da take buƙata biyu ne, kuma duk ta san su. Na farko madauki, wanda ɗalibai suka fi kira lup, ana rubuta shi da `for` a Python: umarnin da ke sa kwamfuta ta bi jeri ɗaya bayan ɗaya tana maimaita aiki guda a kan kowa. Na biyu sharaɗi: idan kaza ne yi kaza (`if`), in ba haka ba yi kaza (`else`). Da na gwada ajin a kan kowannensu shi kaɗai, ba ta faɗi ko tambaya ɗaya ba.

Tuntuɓen farko bai ɗauke ta kwana ba. Ta sa `jimla = 0` a cikin lup, saboda haka duk zagaye sai jimlar ta koma sifili, a ƙarshe wayar ta nuna 5,000, wato kuɗin Goggo kaɗai. Adadin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ita da kanta ta gane akwai matsala ta fitar da layin waje. Irin wannan kuskuren mai sauƙi ne domin yana tona kansa.

Wanda ya yi shiru har mako huɗu

Tambaya ta uku ce ta kawo rikicin. Da farko ta rubuta yadda wayar za ta buga hukunci a kan kowace mace, sai ta ga layi ashirin sun cika fuskar wayar, wani ya ce ya cika, wani ya ce bai cika ba. Hajiya kuwa amsa ɗaya take so. Sai ta yi dabara ta adana hukuncin a ma'ajiya guda, ta buga shi sau ɗaya a ƙarshe:

```
for suna, hannu, biya in mata:
    if biya < hannu * 5000:
        hukunci = "Bai cika ba"
    else:
        hukunci = "Ya cika, a kira mai kwasa"
print(hukunci)
```

In ka karanta shi da baki kamar Hausa, babu abin da zai tsaya maka a rai. A bi matan, wadda ba ta cika ba a ce bai cika ba, in ba haka ba a ce ya cika. Python ma bai yi ƙorafi ba, domin ba a karya ƙa'idar rubutu ko ɗaya ba.

Mako uku a jere wayar ta ce ya cika, kuma gaskiya ya cika. Hajiya ta fara sakin jiki da abin. A mako na huɗu Mai Kitso, wadda zubinta 10,000 ne, ta turo 7,000 ta ce za ta ciko. A makon ne kuma Amarya za ta yi tafiya Zariya, sai ta haɗa da na mako mai zuwa ta ba da 10,000 maimakon 5,000. Wayar ta nuna jimla 122,000, a ƙasa kuma ta rubuta ya cika, a kira mai kwasa. Ɗalibar ta karanta wa mahaifiyarta. Aka aika aka kira matar, ta zo da ɗiyarta ta zauna a tsakar gida. Sai da Hajiya ta ware dubu biyar ɗin Amarya gefe, domin ajiya ce ba ta wannan makon ba, sannan ta ƙirga ta ga 117,000.

Ba ta ce komai ba a gaban baƙuwa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko dubu uku daga kuɗin cefanenta ta cike. Bayan matar ta tafi ne ta ce wa ɗiyarta, cikin sanyin murya, ta bar mata littafinta tukuna. Wannan maganar ce ta hana yarinyar barci. Dubu uku ba za ta durƙusar da gidan ba, amma jarin uwar adashi amana ce, kuma matar da ta kira mai kwasa ta ce kuɗi ya cika alhali bai cika ba, maganarta ta fara rage nauyi a unguwa.

Zaman da muka yi da fensir

Ban taɓa wayar ba. Na yago takarda na ja layi, na ce mu rage matan zuwa uku: Mai Waina, Mai Kitso, Goggo. Na zana akwati ɗaya a gefe na rubuta `hukunci` a kansa, na ba ta fensir da magogi. Na ce ita ce kwamfutar yanzu, kuma akwatin nan abu ɗaya kawai yake ɗauka, in za a sa sabo sai an goge tsoho.

Ta fara. Mai Waina, hannu ɗaya, 5,000, ta rubuta "ya cika" a akwatin. Mai Kitso, hannu biyu, 7,000, ƙasa da 10,000. Ta goge ta rubuta "bai cika ba", ta ɗago ta dube ni kamar mai cewa ai ga shi ya kama ta. Na ce ta ci gaba. Goggo, hannu ɗaya, 5,000. Ta ɗora magogin a kan takardar, ta goge rabin kalmar, sai hannunta ya tsaya.

"Malam, na goge Mai Kitso."

Shi ke nan. Duk makonnin nan wayar ba ta taɓa faɗin halin adashin ba, halin Goggo take faɗa, ita kuwa Goggo ba ta taɓa fashi ba. Mako ukun da amsar ta yi daidai dace ne kawai. Da Mai Kitso ce a ƙarshen jerin, da wayar ta kama ta a makon, kuskuren kuma ya ci gaba da kwanciya har ranar da wata ta tsakiya za ta gaza.

A nan ne nake ganin asalin matsalar take, kuma ba a `if` take ba, ba a `for` ba. Hukunci biyun nan da ta ajiye kafaɗa da kafaɗa ba nauyinsu ɗaya ba. Kafin ka ce "bai cika ba", mace ɗaya ta ishe ka shaida. Kafin ka ce "ya cika", sai ka ga duka ashirin ɗin. Na farko ana iya yanke shi a tsakiyar zagaye, na biyu ba shi da hurumi sai lup ya ƙare. Ita kuwa `else` ɗin da ta rubuta tana cikin lup, saboda haka tana yanke hukuncin jama'a duka da shaidar mutum ɗaya, sau ashirin, na ƙarshe kuma shi ke tsayawa. Ɗalibai suna faɗa wa ramin nan ne domin an saba musu cewa duk inda aka ga `if` to `else` na biye da ita kamar jela. Ba dole ba ne. Akwai `if` da ya kamata ta tsaya ita kaɗai.

Akwai kuma abin da waya ke ƙarawa. A Python, tazarar da aka bari a farkon layi, bisa al'ada gurbi huɗu, ita ce ke nuna ko layin yana cikin lup ko yana wajensa. A faffaɗan allon kwamfuta ido na ganin wannan tsani sarai. A fuskar waya kuwa, inda dogon layi ke karyewa ya sauko ƙasa, gurbi huɗu da takwas sai su yi kama. Shi ya sa nake sa ɗalibaina su kwafe kod ɗinsu a takarda su ja layi a tsaye daga `for` har inda ikonsa ya ƙare.

Gyaran da ya fara zo mata shi ne ta sa `break` da zarar an samu wadda ba ta cika ba, lup ya tsaya nan take. Tunani ne mai kyau, kuma da tambaya ta uku kaɗai ake yi da ya wadatar. Amma lup ɗin nan shi ne kuma ke tara jimla. Na ce ta gwada a takarda. Ta ga in aka tsaya a kan Mai Kitso, kuɗin duk matan da ke bayanta ba zai shiga lissafi ba, kuma in akwai mace ta biyu da ba ta cika ba, ba za a taɓa jin sunanta ba. Ta ajiye fensirin ta ce to yaya za a yi.

Na ce amsar tana gidansu. Ta je daren Juma'a ta zauna kusa da Hajiya, kada ta ce komai, ta kalli hannunta kawai.

Ta dawo da bayani tiryan-tiryan. Hajiya takan ɗora yatsa a kan suna, ta duba waya, ta duba kuɗin hannu. In ya cika ta yi ɗan layi da baƙin biro ta wuce. In bai cika ba ta ɗauki jan biro ta ɗiga ɗigo a gefen sunan, ta rubuta abin da ya saura. In wata ta ba da fiye da nata, ta cire rarar ta sa a wata tsohuwar gwangwanin madara, ta rubuta a bayan littafin. Ba ta taɓa goge jan ɗigo don ta gaba ta biya. Ba ta kuma tsaya don ta ga ja, sai ta kai suna na ashirin. Sannan ta ɗaga littafin ta dubi shafin gaba ɗaya: in babu ja, a kira mai kwasa.

Na ce ta rubuta wannan, kada ta ƙara komai nata. Ga abin da ta kawo:

```
zubi = 5000
na_mako = 0
ajiya = 0
masu_saura = []

for suna, hannu, biya in mata:
    nata = hannu * zubi
    if biya < nata:
        masu_saura.append((suna, nata - biya))
        na_mako += biya
    elif biya > nata:
        ajiya += biya - nata
        na_mako += nata
    else:
        na_mako += biya

print("Na mako:", na_mako, "Ajiya:", ajiya)
if len(masu_saura) == 0:
    print("Ya cika, a kira mai kwasa")
else:
    for suna, saura in masu_saura:
        print(suna, "saura", saura)
```

Jerin `masu_saura` shi ne jan biron: ana ƙara masa, ba a rage masa. `ajiya` ita ce gwangwanin madara. Abubuwa huɗun da ke sama an shirya su tun kafin a buɗe littafi. Sharaɗin da ke cikin lup yana magana ne a kan mace ɗaya kawai, bai san komai game da adashin ba. Sharaɗin da ke ƙasa, wanda ya koma bakin layi babu tazara, shi ne ɗaga littafin da Hajiya ke yi. Da ta zuba masa lissafin makon da aka ji kunya, ya fitar da 117,000 na mako, 5,000 ajiya, Mai Kitso saura 3,000.

Abin lura, jimla kaɗai ba za ta taɓa kama wannan ba. Wani ɗalibi a ajin ya ce ai da an gwada jimlar da 120,000 an huta da duk wannan. A makon nan 122,000 ta wuce 120,000, rarar Amarya ta rufe giɓin Mai Kitso. Dole a tambayi kowace mace a cikin lup, sannan a tambayi taron a wajensa.

Abin da ya shafe ni

Akwai nawa alhakin a ciki. Na koyar da sharaɗi a mako guda da atisayensa, na koyar da lup a mako na gaba da nasa, na ɗauka haɗa su zai zo da kansa. Bai zo ba, kuma an daɗe da sanin ba ya zuwa. A shekarun 1980 Elliot Soloway, lokacin yana Jami'ar Yale a Amurka, ya yi nazari a kan wani aiki da aka fi sani da matsalar ruwan sama: a yi ta karɓar lambobi har sai an ga 99999, a watsar da waɗanda ke ƙasa da sifili, a fitar da matsakaicin sauran. Ɗalibai da yawa da suka san tarawa, suka san ƙirga, suka san sharaɗi, sun kasa saƙa su wuri guda. Tun 1966 kuma masana biyu 'yan Italiya, Corrado Böhm da Giuseppe Jacopini, suka nuna cewa jera umarni, da zaɓi, da maimaitawa sun isa a gina kowane irin lissafi na kwamfuta. Tubalan kaɗan ne. Wahalar tana wajen sanin wanne ke shiga cikin wanne, kuma nan ne na bar ɗalibaina su kaɗai.

Yanzu na ware mako biyu cur don haɗin. Kafin kowa ya taɓa waya, sai ya raba takardarsa gida uku ya rubuta da Hausa: me zan tanada kafin in fara, me zan tambayi kowane ɗaya, me ba zan iya sani ba sai na gama. Kuma ba na karɓar aiki sai an gwada shi da jerin da mai matsalar ke farko, da wanda take tsakiya, da wanda take ƙarshe, da wanda babu mai matsala sam. Da ta yi gwaji na biyu kaɗai, da abin bai kai tsakar gida ba.

Ɗalibar ta ci gaba ta ƙara wurin shigar da kuɗin kowace mace da hannu, da lup na `while` da ke ta tambaya har sai an ba shi adadi na gaskiya. Nan ma ta yi karo da wani abu: ta rubuta 5,000 da waƙafi yadda muka saba, `int`, umarnin da ke juya rubutu zuwa lamba, ya ƙi karɓa, shirin ya tsaya cak a kan mace ta tara. Ta gyara da cire waƙafin kafin a juya rubutun zuwa lamba, ta kuma sa in an rubuta abin da ba lamba ba a sake tambaya maimakon a faɗi.

Hajiya ba ta ajiye littafinta ba, ni ma na ba da shawarar kada ta ajiye. Juma'a shida suna yi tare, uwa da biro biyu, ɗiya da waya, kowa ta gama sannan a gwada. Sau biyar suka yi daidai. A na shida wayar ta ce Mai Waina saura 2,000, littafi bai nuna ja ba. Suka bi saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya, ashe wata dubu biyu da ta shigo da azahar ta kuɗin zobon da Hajiya ke sayarwa ce, aka ɗauka cikon Mai Waina ne. Aka aika mata, ta ce wallahi ta manta, ta ba yaron kuɗin nan take.

Asabar ɗin da ta wuce ɗalibar ta zo da sabon saƙo. Hajiya ta ce a tambayi Malam ko wayar za ta iya tsallake wadda ake bi saura in layin kwasarta ya zo, a ba ta gaba da ita, ita kuma a mayar da ita mako mai zuwa ba tare da layin ya rikice ba. Na ba ta takarda da fensir. Ta raba ta gida uku, ta rubuta a gidan farko: jerin masu kwasa, jerin masu saura, da wadda aka tsallake makon jiya.